Shekarar Da Habasha Da Somaliya Suka Yi Musayar Iyayen Gida

Waɗanda suka raɗa wa gabar Amurka da Rasha suna "yaƙin cacar baka" ba su yi ƙarya ba ta fuska guda, gama tun daga 1945, shekarar da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, har zuwa 1991 da Tarayyar Soviet ta wargaje, ba a taɓa wayar gari an ga rundunonin ƙasashen nan biyu sun ja daga sun fuskanci juna da sunan yaƙi ba. Zage-zage suka yi ta yi a gidajen rediyo, da gugar zana a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, da leƙen asirin juna, da tseren tara makamai. Amma fa wannan suna na mutanen Washinton da Mosko ne, su da suka yi ta kwana lafiya suna tashi lafiya shekara arba'in da 'yan kai. Wanda ya tafi Koriya, ko Biyetnam, ko Angola, ko Afganistan, ya ce wa tsofaffin wurin ai cacar baka aka yi, to, hanyar maƙabarta za su nuna masa.

Akwai wurare da dama da za a iya tsayawa a ƙare wa wannan gaba kallo, amma da wuya a sami wanda ya tona asirinta kamar ƙuryar gabashin Afirka, inda Habasha da Somaliya suke maƙwabtaka. A nan ne cikin shekara guda tak, watau 1977, ƙasar da ta shekara ashirin da huɗu tana cin tuwon Amurka ta koma gindin Rasha, wadda kuwa ta shekara goma sha huɗu tana karɓar makaman Rasha ta kori Rashawa ta shiga zawarcin Amurka. Labarin yadda aka yi wannan musaya, da abin da talakawan ƙasashen biyu suka girba daga bisani, ya isa ya nuna wa mai karatu abin da manyan ƙasashe suke nufi idan sun kira ƙaramar ƙasa aminiya.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane tushen abin. Sa'ad da wutar yaƙi ta mutu cikin 1945, Turai ta zama kufai. Jamus ta faɗi, Ingila da Faransa kuwa sun fito da nasara amma ba ƙarfi, bashi ya yi musu katutu. Ƙasa biyu kaɗai suka rage a tsaye. Tarayyar Soviet, wadda aka fi sani da Rasha, ta yi hasarar rayuka wajen miliyan 27, amma sojanta suna zaune daram tun daga Polan har tsakiyar Jamus. Amurka kuwa yaƙi bai taɓa masana'antunta ba, ga dukiya, ga kuma bam ɗin nan na ƙare-dangi da ta jefa a Hiroshima da Nagasaki cikin watan Agusta na shekarar. Tsoron Hitila ne ya haɗa su ƙawance. Da Hitila ya kau, sai kowa ya tuna da abin da ya raba su tun asali.

Abin da ya raba su kuwa shi ne amsar wata tsohuwar tambaya: wa ya kamata ya mallaki gona da masaƙa da ramin ma'adinai? Amurka ta ce a bar wa mai jari, ya saya ya sayar, kasuwa ta yanka farashi, jam'iyyu kuma su yi takara a gaban masu ƙuri'a. Wannan shi ne jari-hujja. Rasha ta ce a'a, in an yi haka mai kuɗi zai yi ta tsotse gumin leburansa har abada, saboda haka gwamnati ce za ta riƙe ƙasa da masana'antu a madadin ma'aikata da manoma, ta tsara abin da za a noma da abin da za a ƙera shekara biyar-biyar, a ƙarƙashin jam'iyya guda. Wannan shi ne gurguzu irin na 'yan kwaminis. Kowanne ɓangare yana da tabon da yake nunawa a jikin ɗan'uwansa, kuma tabon na gaske ne. Mosko takan nuna mulkin mallaka, da wulaƙancin da ake yi wa baƙar fata a kudancin Amurka da Afirka ta Kudu. Washinton kuma takan nuna sansanonin gwale-gwale na Sibiriya, da tankokin da suka murƙushe mutanen Hangari cikin 1956, da katangar da aka gitta a tsakiyar Balin cikin 1961 don kada mutane su gudu daga mulkin da aka ce nasu ne.

A Turai an shata iyaka tun da wuri. Amurka ta zuba wa yammacin nahiyar dala wajen miliyan dubu 13 a ƙarƙashin shirin Marshall, ta kafa ƙungiyar tsaro ta NATO cikin 1949, Rasha kuma ta mai da martani da ƙawancen Warso cikin 1955. Tun cikin 1949 ɗin ita ma Rasha ta gwada nata bam ɗin na ƙare-dangi. Cikin watan Oktoba na 1962 aka yi kwana goma sha uku duniya tana riƙe da numfashi saboda makamai masu linzami da Rasha ta girka a Kyuba, kuma daga ranar da aka warware wannan rikici kowannensu ya tabbata cewa in suka gwabza kai tsaye, ba wanda zai saura ya yi kirari. To, da yake kokawa ta gagara a tsakar gida, sai aka fitar da ita dandali, watau ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka. Cikin 1960 kaɗai ƙasashe 17 na Afirka suka sami mulkin kai, kowace da talaucinta da rigimar iyakarta da ƙaramar rundunarta. Abin da manyan suke nema wurinsu bai wuce filin kafa sansani ba, da mashigin teku, da ma'adinai, da hannun da za a ɗaga musu a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Wanda ya buɗe taswira zai ga dalilin da ya sa ido ya faɗa kan Habasha da Somaliya. A gefensu ne Bahar Maliya ta tsuke ta zama ɗan mashigin da ake kira Babul Mandab, kuma yawancin jiragen ruwan da suka ɗauko mai daga ƙasashen Larabawa za su bi ta Suwes zuwa Turai, sai sun ratsa ta nan. Wanda ya zauna a bakin wannan ƙofa yana ganin mai shiga da mai fita.

Amurka ce ta riga zuwa. Sarkin Habasha Haile Selassie ya aika da bataliyar soja zuwa yaƙin Koriya cikin 1951 don ta tsaya tare da Amurkawa. Ita kuma Amurka ta goyi bayansa a Majalisar Ɗinkin Duniya aka haɗa masa Eritiriya cikin 1952, da haka ya sami bakin teku. Cikin 1953 aka ƙulla yarjejeniya: Sarki ya ba da aron fili na shekara 25 a Asmara, inda Amurka ta kafa tashar sadarwa da sauraron sirri mai suna Kagnew, sunan bataliyar nan da ta je Koriya, Amurka kuma ta ɗauki nauyin horar da rundunarsa da ba ta makamai. Har ƙarshen mulkin Sarki babu wata ƙasa a Afirka kudu da Sahara da ta kai Habasha samun taimakon soja daga Washinton. Da Sarki ya soke 'yancin cin gashin kai na Eritiriya cikin 1962 ya mai da ita lardi, Amurka ba ta ɗaga murya ba, domin tashar Kagnew tana cikin Eritiriya ne, mai ba da aron kuwa shi ne Sarki.

Somaliya ta sami mulkin kai ran 1 ga watan Yuli na 1960, da tuta mai tauraro guda mai tsini biyar. Tsini biyu na yankunan da Italiya da Ingila suka mulka ne, waɗanda suka haɗe suka zama sabuwar ƙasar. Sauran ukun kuwa na Somalawan da suka rage a waje ne: na Jibuti, da na arewa maso gabashin Kenya, da na Ogaden, faffaɗan filin kiwon nan da ke hannun Habasha tun zamanin Sarki Menelik, wanda ya ci birnin Harar cikin 1887. Ƙasar da ta rubuta da'awarta a jikin tuta dole ta nemi runduna. Ƙasashen Yamma suka yi mata tayin taimako kaɗan, don kada su ɓata wa Haile Selassie rai. Rasha ta yi tayin da ya ninka nasu, sai Somaliya ta karɓa cikin 1963. A lura fa, a wannan lokaci gwamnatin Somaliya ta farar hula ce mai jam'iyyu barkatai, ba ruwanta da Markisanci. Bindiga ce ta kai ta Mosko, aƙida daga baya ta biyo.

Ta biyo ne tare da Janar Muhammad Siyad Barre, wanda ya ƙwace mulki ran 21 ga watan Oktoba na 1969, ya kuma shelanta cikin 1970 cewa Somaliya ta rungumi gurguzu. Ba za a ce ba a ga kome ba a farkon mulkinsa. Cikin 1972 aka tsai da rubutun harshen Somaliyanci da baƙaƙen boko, aka tura ɗalibai ƙauyuka yaƙi da jahilci, kuma da fari ya yi tsanani cikin 1974 da 1975, jiragen Rasha da motocinta ne suka kwashe dubban makiyaya zuwa sababbin matsugunai. Cikin watan Yuli na 1974 aka sa hannu a kan yarjejeniyar aminci da Rasha, Rashawa suka sami tashar jiragen ruwa a Berbera, suka shimfiɗa filin jirgin sama mai tsawon fiye da kilomita 4. Amma a wannan shekara ɗin Somaliya ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, alamar cewa Siyad bai sa ƙwansa duka a kwando ɗaya ba. Cikin watan Janairu na 1975 ya kafa dokar iyali wadda ta taɓa rabon gado, malamai suka soke ta a masallatai, sai ya sa aka harbe goma daga cikinsu. Mosko ba ta ce uffan ba, kamar yadda Washinton ba ta ce uffan ba game da Eritiriya.

Ana nan sai ƙasa ta girgiza a Habasha. Yunwa ta hallaka dubun-dubatar mutane a lardin Wollo cikin 1973, fada kuma ta yi ta rufa-rufa har 'yan jaridar waje suka fallasa. Ɗalibai da direbobin tasi da ƙananan sojoji suka tayar, ran 12 ga watan Satumba na 1974 aka fito da tsohon Sarki daga fadarsa cikin 'yar ƙaramar mota Volkswagen. Majalisar sojan da ta gaje shi, wadda ake kira Derg, ta harbe manyan ƙasa wajen 60 dare ɗaya cikin watan Nuwamba, ta ƙwace filayen noma daga hannun iyayen ƙasa cikin 1975, sa'an nan 'yan majalisar suka shiga cin junansu. Wanda ya saura a tsaye ran 3 ga watan Fabrairu na 1977 shi ne Laftanar-Kanar Mengistu Haile Mariam, hafsan da ya yi kwas ɗinsa na soja a Amurka.

Daga nan abubuwa suka yi ta bin juna kamar an tsinke carbi. Sabon shugaban Amurka, Jimmy Carter, ya rage taimakon soja ga Habasha saboda kashe-kashen da ake yi. Dalilin gaskiya ne, amma akwai wani a bayansa: tauraron ɗan'adam ya riga ya karɓe yawancin aikin tashar Kagnew, kuma Amurka tana gina sabon sansani a tsibirin Diego Garcia cikin Tekun Indiya. Gidan hayar da aka shekara ashirin da huɗu ana biya ya daina amfani, sai aka fara ganin laifin mai gida. Cikin watan Afrilu Mengistu ya rufe Kagnew ya sallami mashawartan Amurka, cikin watan Mayu kuma ya sauka a Mosko. Su Rashawa lissafinsu a fili yake. Habasha tana da mutum fiye da miliyan 30, Somaliya ba ta kai kashi ɗaya bisa biyar na wannan ba, ga hedkwatar Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa. Suka yi zaton za su iya riƙe biyun duka. Cikin watan Maris Fidel Castro na Kyuba ya haɗa Siyad da Mengistu a birnin Aden, ya kawo shawarar su haɗu da Yaman ta Kudu su yi tarayya guda ta 'yan gurguzu, tun da duk littafi ɗaya suke karantawa. Taron ya watse a kan Ogaden. Shugabanni biyu da suka rataya hotunan Markis da Lenin a dandalinsu suka tashi ba wanda ya yarda ya bar wa ɗan'uwansa ko rijiya guda.

Siyad ya ga Habasha ta rikice, ga tawaye a Eritiriya, ga harbe-harbe a titunan Adis Ababa, ga tsohon uban gida ya janye, sabon kuma bai gama zama ba. Ya ga in bai buga yanzu ba, ba zai sake samun irin wannan dama ba. Cikin watan Yuli na 1977 rundunarsa ta tsallaka iyaka da tankoki fiye da 200, duk ƙirar Rasha. Kafin ƙarshen watan Satumba garin Jijiga ya faɗi, kusan duk Ogaden ta koma hannunsa, mayaƙansa suna ƙofar Harar. A sararin sama kuwa aka ga abin mamaki: matuƙan Habasha, sabuwar ƙawar Rasha, suna tuƙa jiragen F-5 da Amurka ta ba ƙasarsu, suna kakkaɓo jiragen MiG da Rasha ta ba Somaliya.

Cikin wannan wata na Yuli Amurka ta nuna cewa a shirye take ta ba Somaliya makaman kare kai. Da ta tabbata cewa sojan Somaliya suna cikin ƙasar Habasha, sai ta janye maganar. Rasha kuma ta tsai da nata makaman. Ran 13 ga watan Nuwamba Siyad ya yaga yarjejeniyar aminci, ya ba Rashawa 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu, ya yanke hulɗa da Kyuba, yana sa ran Yamma za ta rungume shi nan take. Ya saki reshe, ya kama ganye. Kafin watan ya ƙare jiragen dakon kaya na Rasha suka fara sauka a Habasha ba dare ba rana, da makaman da aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai dala miliyan dubu. Sojan Kyuba sama da 10,000 suka iso, waɗansunsu daga fagen Angola, a ƙarƙashin Janar Arnaldo Ochoa, Janar Vasili Petrov na Rasha kuma yana tsara yaƙin. Waɗansu daga cikin hafsoshin Rasha da suka zo taya Habasha su ne jiya-jiya suke horar da rundunar Somaliya, sun san yawan tankokinta, sun san inda take da rauni. Ran 5 ga watan Maris na 1978 aka ƙwato Jijiga, bayan kwana huɗu Siyad ya ba da sanarwar janyewa. Amurka ta nemi tabbacin cewa masu nasara ba za su bi shi cikin Somaliya ba, aka kuwa ba ta. Watau manyan su ne suka shata inda faɗan zai tsaya, bayan dubban 'ya'yan talakawa sun riga sun kwanta a cikin rairayi.

Musayar ta cika daga baya. Cikin watan Nuwamba na 1978 Mengistu ya sa hannu a kan yarjejeniyar aminci ta shekara 20 da Mosko. Da aka kifar da Sarkin Iran cikin 1979, Rasha kuma ta shiga Afganistan a ƙarshen shekarar, sai darajar Berbera ta tashi a idon Washinton. Cikin watan Agusta na 1980 aka ƙulla yarjejeniya, Amurka ta sami izinin amfani da tashar da filin jirgin da Rashawa suka gina da kuɗinsu. Cikin 1982 mutumin da ya shekara bakwai yana zagin 'yan jari-hujja ya zama baƙon Shugaba Ronald Reagan a fadarsa.

Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Habasha, tun cikin 1977 gwamnati ta buɗe abin da ita da bakinta ta kira "jan ta'addanci", aka kashe dubban matasa, har ya zama ana karɓar kuɗin harsashi wurin iyaye kafin a ba su gawar ɗansu. Makaman Rasha na dala miliyan dubbai suka yi ta kwarara, ana ƙona su a duwatsun Eritiriya da Tigrai. Cikin watan Satumba na 1984, lokacin da yunwa take cin arewacin ƙasar, aka yi gagarumin bikin cika shekara goma da juyin juya-hali a Adis Ababa. Bayan wata guda hotunan sansanin Korem suka zagaya duniya. Mutane dubu ɗaruruwa suka mutu, mafi yawan hatsin agaji kuma daga ƙasashen Yamma ya fito, domin aminiyar da take da tankokin bayarwa ita kanta sayen alkama take yi daga waje.

A Somaliya kuwa 'yan gudun hijira dubu ɗaruruwa suka kwararo daga Ogaden. Wata guda bayan janyewar, waɗansu hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki, bai yi nasara ba, daga nan Siyad ya daina yarda da kowa sai danginsa, ya shiga hukunta ƙabila sukutum saboda laifin 'ya'yanta. 'Yan tawayensa suka sami mafaka wurin Mengistu, kamar yadda 'yan tawayen Mengistu suke samu wurinsa. Cikin watan Afrilu na 1988 shugabannin biyu, kowanne wuta ta ci gefen rigarsa, suka yi sulhu a kan kowa ya kori baƙin ɗan'uwansa. 'Yan tawayen arewacin Somaliya da suka rasa mafaka suka auka wa garuruwan Burao da Hargeisa, gwamnati ta mai da martani da igwa da jiragen yaƙi, waɗanda suke tashi daga filin jirgin Hargeisa su jefa wa Hargeisa ɗin bam. Aka kashe dubun-dubatar mutane, birnin ya zama kango.

A lokacin nan kuwa su masu faɗan na asali sun fara gajiya. Mikhail Gorbachev, wanda ya hau mulki cikin 1985, ya tarar da baitulmali ba ya iya ɗaukar nauyin aminai na nesa, ya shaida wa Mengistu ya nemi sulhu da 'yan tawaye. Majalisar dokokin Amurka ta tsai da makaman Siyad bayan abin da ya faru a Hargeisa. Katangar Balin ta faɗi ran 9 ga watan Nuwamba na 1989, daga ranar kuwa Babul Mandab ta daina hana kowa barci a Washinton ko Mosko. Cikin farkon watan Janairu na 1991, sa'ad da yaƙi ya shigo tsakiyar Mogadishu, jiragen Amurka masu saukar ungulu suka kwashe ma'aikatan jakadancinta, cikin waɗanda aka ɗauka kuwa har da jakadan Rasha da mutanensa. Abokan gaba suka tashi a jirgi ɗaya, suka bar wa mutanen gari rumbunan makaman da su biyun suka cika. Siyad ya fice daga birnin a ƙarshen watan, Mengistu ya tsere zuwa Zimbabuwe ran 21 ga watan Mayu, tsakaninsu bai cika wata huɗu ba. Tarayyar Soviet kanta ba ta ga ƙarshen shekarar ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Arewacin Somaliya ya ɓalle cikin 1991 ya kira kansa Somalilan, Eritiriya ta zama ƙasa cikin 1993. Yunwar 1992 ta kashe Somalawa fiye da 200,000, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura sojan kiyaye zaman lafiya, har da na Nijeriya, waɗanda aka kashe bakwai daga cikinsu a Mogadishu cikin watan Satumba na 1993. Siyad Barre ya ƙare kwanakinsa yana gudun hijira a Legas, inda ya rasu ran 2 ga watan Janairu na 1995. Kotun Habasha ta sami Mengistu da laifin kisan ƙare-dangi cikin 2006, ba ya nan aka yanke hukuncin. Janar Ochoa, gwarzon Ogaden, gwamnatinsa ce ta harbe shi a Kyuba cikin 1989 bisa tuhumar fataucin miyagun ƙwayoyi.

To, laifin wa? Abu ne mai sauƙi a ɗora wa baƙi duka, amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ba Amurka ce ta shata iyakar Ogaden ba, ba kuwa Rasha ce ta zana tauraro mai tsini biyar ba. Rigimar ta girme su. Shugabannin Afirka sun yanke a Alƙahira tun 1964 cewa a bar iyakoki yadda aka gaje su, Somaliya ta ce ba da ita ba, kwamitin sulhun da Nijeriya ta shugabanta daga 1973 kuma ya yi ta zama ba a dace ba. Siyad da Mengistu ba yara ba ne da aka yaudara, kowannensu ya san abin da yake saye da abin da yake sayarwa. Laifin manyan ƙasashe shi ne sun tarar da faɗan rijiya da makiyaya, suka sa masa tanka da jirgin yaƙi. Akwai kuma wata ɓarna da ta fi wannan zurfi. Mai mulkin da yake dogara da harajin talakawansa don ya ciyar da soja, tilas ya saurare su ko ba ya so, gama in sun ƙi, rumbunsa ya bushe. Amma wanda jirgi yake sauke masa bindiga daga ƙetare, ba ya bukatar yardar kowa a gida, fuskar mai aiko da jirgin kaɗai yake dubawa. Wannan ne ya sa gwamnatocin biyu suka yi ta tsayuwa shekara da shekaru bayan jama'arsu sun juya musu baya, shi ne kuma ya sa suka zube kusan rana ɗaya da jirgin ya daina sauka.

Ba kowace ƙasa ce ta faɗa wannan rami ba. Lokacin yaƙin basasa, da Ingila da Amurka suka hana Nijeriya jiragen yaƙi cikin 1967, ta juya ta sayi na Rasha, amma ba ta ba da sansani ba, ba ta kuwa canza tsarin mulkinta don ta faranta wa mai sayarwa ba. Ciniki aka yi, aka tashi. Bambancin mai saye da mai karɓar kyauta ke nan, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Gurguzu irin na Mosko ya kau, amma taswira ba ta canza ba. Amurka ta kafa sansani a Jibuti bayan 2001, Sin ta buɗe nata a can cikin 2017, ban da na Faransa da ya daɗe. A Jamhuriyar Nijar sojan Faransa sun fice cikin watan Disamba na 2023, masu ba da horo na Rasha suka sauka a Yamai cikin watan Afrilu na 2024, Amurka kuma ta bar sansaninta na Agadas cikin watan Agusta na shekarar. Kowace ƙasa tana da ikon zaɓen abokanta, kuma halin yau ba daidai yake da na 1977 ba. Sai dai duk shugaban da baƙo ya zo masa da tayin makamai da kalmomin aminci, ya kamata ya tambayi kansa mene ne baƙon ya hango a gidansa, kuma ranar da abin ya daina yi masa amfani, kamar yadda Kagnew ta daina cikin 1977, Berbera kuma cikin 1989, su wa za a bari da bindigogin a hannu.